Mamman Shata: Mawaƙin da ke ƙulla waƙa nan take

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, cikin jihar Katsina ta yanzu, a shekarar 1923. Ya yi tallan goro kafin ya rungumi waƙa, duk da cewa mahaifinsa bai so ba.

Shata ya yi fice wajen ƙirƙirar waƙa nan take a bainar jama'a, tamkar makaɗan jaz na Amurka. Yayin da 'yan amshi ke karɓa, shi kuwa yana ƙulla baiti na gaba. A irin wannan salo kalangu ba ya tsayawa: in kalma ta kuɓuce, a cikin waƙar ake gyarawa.

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano a 1999, aka binne shi a Daura.