Tarihin Samuel Coleridge-Taylor da Yadda Faifai Ya Farfaɗo da Kiɗansa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa mun saba ganin makaɗi shi ke ƙaga waƙarsa, shi ke rera ta da bakinsa, yaransa suna kiɗa suna amshi. A ƙasashen Turai kuwa akwai wani irin kiɗa wanda ba haka ake yinsa ba. Mutum ɗaya ne zai zauna da alƙalami ya tsara kiɗan a takarda da wasu alamomi na musamman, ya ware wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa, tun daga masu goge da masu sarewa har zuwa masu ƙaho da masu ganga. Bayan ya gama sai a tara makaɗa sittin ko fiye, wani lokaci har da mawaƙa ɗaruruwa, a sa musu jagora mai riƙe da ɗan sanda, sa'an nan kunne ya ji abin da ke rubuce. Saboda haka muddin ba a tara mutanen nan ba, kiɗan bebe ne, kome kyansa.

A wannan takarda za mu kawo tarihin ɗaya daga cikin masu tsara irin wannan kiɗa, wato Samuel Coleridge-Taylor, baƙar fata ɗan ƙasar Ingila wanda mahaifinsa mutumin Saliyo ne. Za mu ga yadda ya yi suna tun yana saurayi, da yadda wasu suka ci moriyar guminsa, da kuma yadda aka kusa mantawa da shi kafin faifai ya sake fito da aikinsa fili.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Samuel ran 15 ga watan Agusta, 1875, a unguwar Holborn cikin birnin Landan. Mahaifinsa, Daniel Taylor, ya zo Ingila daga Saliyo don koyon aikin likita, amma ya koma Afirka tun ba a haifi yaron ba. Daga baya ya riƙe muƙamin mai binciken sanadin mutuwa a ƙasar Gambiya, a can ne kuma ya rasu a 1904. Mahaifiyarsa, Alice Martin, Baturiya ce, ita ce ta sa masa sunan wani shahararren mawaƙin Ingila mai suna Samuel Taylor Coleridge. Ta rene shi a garin Croydon, kudu da Landan, a gidan talakawa. Kakansa na wajen uwa maƙeri ne mai yi wa dawaki takalman ƙarfe, amma yana taɓa gogen Turawa, shi ne kuwa ya fara ɗora wa yaron goge a kafaɗa.

Tun yana ƙarami aka lura da kaifin kunnensa da zaƙin muryarsa, har ya shiga cikin yara masu waƙa a majami'a. Shugaban mawaƙan, Kanar Herbert Walters, ya ga abin da ke tattare da yaron, ya tsaya masa tsayin daka har aka ɗauke shi a Kwalejin Kiɗa ta Sarauta da ke Landan a 1890, yana da shekara 15. Da goge ya fara, amma a 1892 ya koma koyon tsara kiɗa a hannun Charles Stanford, wanda yake babban malami ne a wannan fanni. Cikin waɗanda suka yi zamani da shi a kwalejin akwai Gustav Holst da Ralph Vaughan Williams, waɗanda daga baya suka zama manyan masu tsara kiɗa na Ingila. A lokacin kuwa Samuel ne ya riga su fitowa. A 1895 ya tsara wani kiɗa na mutum biyar, mai algaitar Turawa ɗaya da masu goge huɗu, wanda ya ƙayatar da malaminsa har ya ɗauke shi ya kai wa Joseph Joachim, sarkin masu goge na birnin Berlin.

Shahararsa

Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. A 1898 masu shirya wani babban bikin kiɗa a garin Gloucester suka roƙi Edward Elgar ya tsara musu sabon kiɗa. Aiki ya yi wa Elgar yawa, sai ya ba su shawara su nemi wannan saurayi. Samuel ya tsara kiɗan, ya je da kansa ya jagoranci makaɗa a watan Satumba, jama'a suka yi ta tafi.

Wata biyu bayan haka, ran 11 ga Nuwamba, 1898, aka fara kaɗa aikin da ya kai sunansa ko'ina, wato Bikin Auren Hiawatha. Ya ɗauko baitocin ne daga wata doguwar waƙa ta Longfellow, mawaƙin Amurka, wadda ke ba da labarin wani jarumi daga cikin mutanen asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Ya tsara ta don taron mawaƙa da taron makaɗa da kuma namiji ɗaya mai waƙa shi kaɗai. Stanford ne ya yi jagora a wannan dare, zauren kwalejin ya cika maƙil har aka mai da mutane da yawa gida. Arthur Sullivan, wanda shi ne dattijon masu tsara kiɗa na Ingila a lokacin, ya halarta duk da rashin lafiyar da yake fama da ita. Samuel ya ƙara kashi na biyu a 1899 da na uku a 1900, labarin ya cika ke nan.

A zamanin nan kusan kowane gari na Ingila yana da ƙungiyar masu waƙa don sha'awa, kuma kowane ɗan ƙungiya sai ya sayi takardar waƙar da za a rera. Nan da nan Hiawatha ta shiga sahun waƙoƙin da aka fi rerawa, aka sayar da takardunta dubbai bisa dubbai. To, a nan gizo ke saƙa. Tun kafin a san yadda waƙar za ta karɓu, Samuel ya riga ya sayar da haƙƙinta kacokan ga kamfanin Novello mai buga takardun kiɗa, a kan fam 15 da sule 15. Saurayi ne mai shekara 23, ba shi da kuɗi, kuma irin wannan ciniki shi ne abin da aka saba yi da sababbin hannu. Daga ranar, duk takardar da aka sayar ribarta ta kamfani ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kishin baƙar fata

Samuel bai taɓa sa ƙafa a Afirka ba, amma bai taɓa ɓoye asalinsa ba, ko da yake ya sha wulakanci saboda launin fatarsa. Ko aurensa da Jessie Walmisley a watan Disamba, 1899, sai da danginta suka yi ta ƙi kafin su haƙura. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, namiji mai suna Hiawatha a 1900 da mace mai suna Avril a 1903, dukansu kuma suka gaji kiɗa. A watan Yuli, 1900, ya halarci taron farko na haɗin kan baƙar fata na duniya da aka yi a Landan, inda ya haɗu da W. E. B. Du Bois.

Wannan kishi ya fito a aikinsa. A 1901 ya tsara kiɗa don tunawa da Toussaint Louverture, jagoran bayin da suka yi tawaye a Haiti. A 1905 ya fitar da littafin karin waƙoƙin baƙar fata guda 24 da ya tsara don piyano, wasu daga Afirka, mafi yawansu daga waƙoƙin ibada na bayin Amurka, Booker T. Washington ne ya rubuta masa gabatarwa. Nufinsa shi ne ya yi wa karin waƙar baƙar fata irin hidimar da Dvorak da Grieg suka yi wa karin waƙar ƙauyukan ƙasashensu, wato ya shigar da shi manyan zaurukan kiɗa ba tare da jin kunya ba.

Baƙaƙen Amurka sun ɗauke shi abin alfahari. A 1901 suka kafa ƙungiyar mawaƙa da sunansa a birnin Washinton, suka gayyace shi, ya je a 1904 ya jagorance su tare da makaɗan sojan ruwa na ƙasar. Shugaba Theodore Roosevelt ya karɓe shi a fadarsa, abin da ba kasafai ake yi wa baƙar fata ba a wancan zamani. Ya sake komawa Amurka a 1906 da 1910.

Wahala da rasuwarsa

Suna ba ya cika tukunya. Da yake babban aikinsa ba ya kawo masa kome, sai ya zama dole Samuel ya karɓi duk aikin da ya samu don ciyar da iyali. Yana koyarwa a kwalejojin kiɗa na Trinity da Guildhall, yana jagorancin ƙungiyar Handel tun daga 1904, yana yawo cikin jirgin ƙasa gari gari yana alƙalancin gasar waƙa, yana kuma tsara kiɗan rakiya ga wasannin kwaikwayo na Herbert Beerbohm Tree. Cikin wannan hali ne ya matse lokaci tsakanin 1907 da 1909 ya tsara ofera, wato wasan kwaikwayo wanda ake rera dukan maganganunsa da waƙa tare da taron makaɗa. Sunanta Thelma, labarinta kuwa na ƙasar Nowe ne. Ya ɗora buri mai yawa a kanta, amma kamfanin da ya kai wa ya ƙi ta, har ya bar duniya bai gan ta a dandali ba. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne kiɗan goge da taron makaɗa wanda ya tsara wa Maud Powell, 'yar Amurka, ta kuwa fara kaɗa shi a watan Yuni, 1912.

Ran 28 ga Agusta, 1912, ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa ta Croydon ta Yamma. Ciwon huhu ya kama shi, ran 1 ga Satumba ya rasu yana da shekara 37. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan yawan aiki da rashin hutu. Da aka ga halin da ya bar iyalinsa, aka yi taron kiɗa don tara musu gudummawa, Sarki George na Biyar kuma ya yanka wa matarsa fansho na fam 100 a shekara. Labarinsa yana cikin hujjojin da aka riƙa kawowa har aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin masu kiɗa ta Ingila a 1914, domin a riƙa biyan mai aiki duk lokacin da aka kaɗa aikinsa a bainar jama'a.

Faifai da farfaɗowar aikinsa

A zamanin rayuwarsa na'urar ɗaukar murya ba ta ƙware ba. Wani babban mazurari ne ake waƙa a bakinsa, ƙarfin sautin ya motsa allura ta zana kakin zuma. Muryar mutum ɗaya takan fita sosai, amma taron mawaƙa ɗaruruwa sai ya zama hayaniya. Sai a 1925, da aka fara ɗauka da makirifo da wutar lantarki, sa'an nan aka iya kama irin wannan kiɗa. Ko a lokacin fuskar faifan garmaho ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti huɗu, saboda haka sai a yayyanka aiki na rabin sa'a a raba shi kan faya-fayai da yawa.

Daga 1924 zuwa 1939 an riƙa yin Hiawatha kusan kowace shekara a babban zauren Albert na Landan, mako biyu cur, mawaƙa ɗaruruwa sanye da kayan ado. Malcolm Sargent, wanda ya jagoranci mafi yawansu, ya ɗauki Bikin Auren a faifai a 1929, ya sake ɗauka a 1961. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ya katse bikin, bayan yaƙi kuma ra'ayin masu sauraro ya sauya. Aka ɗauki Samuel mutum mai waƙa ɗaya, sauran ayyukansa suka kwanta a ɗakunan ajiye littattafai shekaru da yawa ba mai jin su.

A nan ne amfanin faifai ya bayyana. Mai shirya taron kiɗa yana tsoron saka aikin da jama'a ba su sani ba, don kada zaure ya zama wayam ya yi asara. Kamfanin faifai kuwa sau ɗaya zai tara makaɗa, sa'an nan ya sayar wa masu sha'awa da ke warwatse a duniya. Ta haka aka fitar da Hiawatha cikakkiya, kashi uku, a 1991 a ƙarƙashin jagorancin Kenneth Alwyn, tare da mawaƙa da makaɗan gidan ofera na ƙasar Wales. Kiɗan gogen nan nasa ya jira fiye da shekara 90 kafin Philippe Graffin ya ɗauke shi tare da makaɗan birnin Johannesburg, aka fitar da faifan a 2004. Ita kuwa Thelma, an daɗe ana zaton ta ɓace, sai wata mai bincike, Catherine Carr, ta gano rubutunta a babban ɗakin karatu na Birtaniya, aka nuna ta karo na farko a Croydon a watan Fabrairu, 2012, shekara 100 bayan rasuwar mai ita. A 2015 Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Chineke, mafi yawan 'ya'yanta baƙar fata, kuma a taronsu na farko sun kaɗa kiɗan nan na Gloucester. A 2022 suka fitar da faifan ayyukansa a kamfanin Decca.

Kammalawa

Mun ga yadda yaron da ya tashi ba uba a gidan maƙeri ya zama wanda ake rera waƙarsa a Ingila da Amurka, mun kuma ga yadda ciniki ɗaya na fam 15 da sule 15 ya bi shi har kabari. Darasi biyu ne a nan ga duk mai nazarin waƙa da kiɗa. Na farko, mai fasaha ya yi hattara da abin da zai sa wa hannu, domin bai san wanne daga cikin ayyukansa ne zai yi farin jini ba. Na biyu, kada a yanke wa mai fasaha hukunci da aiki ɗaya alhali sauran ba a ji su ba. Waɗanda suka saurari faya-fayan nan sun tarar da mutum mai ayyuka fiye da 80, wanda ya iya tsara wa goge ɗaya kamar yadda ya iya tsara wa mawaƙa ɗari biyar. Kabarinsa yana maƙabartar Bandon Hill, kusa da Croydon, inda ya yi rayuwarsa.