Joseph Fourier: Marayan da ya gano dokar tafiyar zafi

A ranar 16 ga watan Mayun 1830 ne Joseph Fourier ya mutu a birnin Paris yana da shekaru 62, bayan ya bar wa duniya lissafin da har yanzu injiniyoyi ke dogara da shi wajen sanin yadda zafi ke ratsa bango, ko ƙarfe, ko kuma ƙasar da ake takawa.

Ba lallai ba ne a ce sunansa ya taɓa shiga kunnen magidanci a garin Miga ko a Dutse ta jihar Jigawa. Amma duk wanda ya taɓa fita daga ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ya shiga tsohon soro na ƙasa ya ji sanyi ya ratsa shi, to ya ga abin da wannan Bafaranshe ya shafe kusan shekaru 20 yana ƙoƙarin mayarwa lissafi.

Ɗan tela

Shi dai Fourier, wanda Faransawa ke kira Furiye, an haife shi ne ranar 21 ga watan Maris na shekarar 1768 a garin Auxerre da ke tsakiyar ƙasar Faransa. Mahaifinsa tela ne, kuma kafin yaron ya wuce shekaru 10 ya rasa uwa da uba.

A shekarar 1780 aka sa shi wata makarantar soja da limaman Kirista ke gudanarwa a garin, inda ya shaƙu da lissafi. Sai dai a Faransa ta wancan zamani hafsan soja sai ɗan gidan sarauta, saboda haka ɗan tela ya juya akalarsa zuwa aikin coci a 1787. Bai kai ga ɗaukar alkawarin zama limami ba juyin juya halin 1789 ya ɓarke, ya koma garinsu yana koyarwa.

A 1793 ya shiga kwamitin juyin juya hali na garin nasu. A zamanin da ake fille kawunan mutane bisa zargi kawai, ya tashi ya kare wasu da ake tuhuma a garin Orléans, abin da ya jawo masa baƙin jini. An kama shi a watan Yulin 1794, kuma faɗuwar Robespierre a ƙarshen wannan wata ce ta kuɓutar da wuyansa.

Daga nan ya tafi Paris, ya yi karatu a hannun manyan masana lissafi na zamanin, wato Lagrange da Laplace da Monge, kuma ba da jimawa ba ya zama malami a babbar makarantar kimiyya da fasaha ta birnin.

Shekaru uku a Masar

A shekarar 1798 Napoleon ya mamaye ƙasar Masar, ya kuma tafi da masana fiye da 150. Fourier na cikinsu, shi aka naɗa sakataren cibiyar binciken da Faransawa suka kafa a Alƙahira.

Marubutan Turai kan ba da labarin wannan tafiya tamkar ziyarar neman ilimi. Ga Misirawa kuwa mamaya ce. A watan Oktoban wannan shekara, da mutanen Alƙahira suka yi bore, sojojin Faransa sun yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, suka kuma shiga masallacin da dawakansu, kamar yadda malamin tarihi Abdurrahman al-Jabarti ya rubuta. Fourier ba ɗan kallo ba ne a wannan mulki, jami'insa ne, kuma shi ya yi jawabin jana'izar Janar Kléber wanda Sulaiman al-Halabi ya kashe a 1800. Gwanintarsa a lissafi ba ta share wannan daga tarihinsa ba.

Ya koma gida a 1801, kuma a shekara mai zuwa Napoleon ya naɗa shi gwamnan lardin Isère mai hedkwata a Grenoble. A nan ya jagoranci aikin tsotse fadamun Bourgoin da suka daɗe suna jawo zazzaɓi, da kuma gina hanyar da ta nufi Turin ta cikin tsaunuka. A nan ne kuma ya ɗauki nauyin wani yaro mai suna Champollion, wanda daga baya ya warware rubutun Fir'aunoni.

Dokar da ya gano

A tsakanin waɗannan ayyuka na ofis, wajen shekarar 1804, wato shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, Fourier ya duƙufa a kan tambayar da ta zama aikin rayuwarsa: idan aka sa wuta a gefe ɗaya na wani abu, ta yaya zafin ke isa ɗaya gefen, kuma cikin wane lokaci?

Bai tsaya ga alƙalami kawai ba. Ya sa an ƙera masa babban zobe na ƙarfe da ramuka a jikinsa, ya zuba na'urorin auna zafi a ciki, yana gasa wuri guda yana rubuta yadda zafin ke zagayawa.

Abin da ya fitar a ƙarshe, a faɗe, ba shi da wuya. Zafi kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi. Yawan wanda ke ratsawa yana ƙaruwa gwargwadon bambancin zafin da ke tsakanin gefe biyun da kuma faɗin wurin, yana raguwa gwargwadon kaurin abin. Sannan kowane abu da irin saurinsa.

Mai tuƙa tuwo ta san wannan na ƙarshe ba tare da an gaya mata ba. Muciya kan daɗe a cikin tukunya ba ta ƙona hannu ba, amma cokalin ƙarfe ba ya ɗaukar lokaci, domin ƙarfe ya fi icce saurin miƙa zafi sau ɗaruruwa. Shi ya sa ma da sanyin hunturu ƙyauren ƙarfe ke fin na katako sanyi a hannu alhali zafinsu ɗaya ne: ƙarfen ya fi saurin zuƙe ɗumin jikin mai taɓawa.

Inda lissafin ya fi ban sha'awa shi ne wajen zafin da ke hawa da sauka, kamar na rana da dare. Fourier ya nuna cewa irin wannan zafi yayin da yake nutsawa cikin ƙasa ko bango abu biyu ke samunsa, ƙarfinsa na raguwa, kuma yana makara. Bambancin zafin rana da na dare ba ya kai zurfin mita guda a cikin ƙasa kafin ya ɓace, na bazara da hunturu kuma yakan kai mitoci da dama. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan rijiya ke da ɗumi da asubahin hunturu, ya kuma yi sanyi a bazara.

Bangon ƙasa mai kaurin kamu guda haka yake yi. Zafin azahar ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi, kuma a lokacin ya riga ya yi rauni. Duwatsun Dutse ma kan ci gaba da huci bayan magariba saboda zafin da suka wuni suna sha. Kwano kuwa ba shi da kaurin da zai jinkirta komai, da zarar rana ta buge shi sai ya juye zafin a kan na ƙasa da shi.

Ba wai masu barin ginin ƙasa ba su san abin da suke yi ba ne. Soro na bukatar yaɓe a kai a kai, kuma a yankuna irin su Miga, inda ambaliyar kogin Haɗeja ta sha rusa gidajen ƙasa, bulo da kwano sun fi ba magidanci kwanciyar hankali da damina. Abin da lissafin Fourier ke nunawa shi ne kuɗin silin ba na ado ba ne, domin iskar da ke tsare tsakaninsa da kwano na daga cikin abubuwan da zafi ya fi wahalar ratsawa.

Malamansa sun ƙi yarda

A ranar 21 ga watan Disambar 1807 Fourier ya gabatar da aikinsa ga majalisar masana kimiyya ta Paris. Alƙalan aikin sun haɗa da tsoffin malamansa uku, kuma Lagrange ya ƙi amincewa.

Abin da ya jawo saɓanin shi ne dabarar da Fourier ya bi. Ya yi iƙirarin cewa kowane irin tsari na zafi, komai karkacewarsa, ana iya rarraba shi zuwa tarin igiyoyi masu sauƙi, masu hawa da sauka a daidaice, a lissafa kowace ita kaɗai sannan a tara. Lagrange na ganin ba a kafa wa wannan magana hujja ba, kuma a nan yana da gaskiya, domin sai a 1829 ne Bajamushe Dirichlet ya fayyace sharuɗɗan da take tabbata a ƙarƙashinsu. Amma amsoshin Fourier sun yi daidai da abin da na'urorinsa suka auna.

Majalisar ta sanya gasa a kan batun, Fourier ya lashe ta a 1812, duk da haka alƙalan suka haɗa kyautar da suka, ba a kuma buga aikin ba. Siyasa ma ta sake taka shi. A 1815, da Napoleon ya dawo daga gudun hijira, Fourier ya bar Grenoble don kada su haɗu, daga baya ya karɓi muƙamin gwamna a Lyon, wanda bai daɗe a kai ba. Da sarauta ta dawo sai Sarki Louis na 18 ya ƙi amincewa da zaɓensa cikin majalisar masanan a 1816, sai a shekara mai zuwa.

A 1822 ne babban littafinsa kan nazarin zafi ya fito, shekaru 15 bayan gabatarwar farko. A wannan shekara aka zaɓe shi sakataren majalisar da ta daɗe tana jan ƙafa a kan aikinsa.

Bai san mene ne zafi ba

Wani abin mamaki shi ne Fourier ya tsara dokar tafiyar zafi ba tare da ya yanke hukunci a kan mene ne zafin kansa ba. Yawancin masanan zamaninsa sun ɗauka wani irin ruwa ne marar nauyi da ido ba ya gani, mai kwarara daga jiki zuwa jiki, ko da yake tun a 1798 Rumford ya lura a birnin Munich cewa huda bakin igwa na haifar da zafi ba ƙarewa, abin da ya sa ya ce zafi motsi ne.

Sai bayan mutuwar Fourier ne ayyukan Joule da Maxwell da Boltzmann suka tabbatar da haka. Kowane abu tarin ƙwayoyin zarra ne waɗanda ba sa zama shiru. A cikin dutse ko ƙarfe suna girgiza ne a inda suke, a cikin ruwa suna zamewa a jikin juna, a cikin iska kuwa suna gudun da ya kai kimanin mita 500 a daƙiƙa guda suna karo da juna. Zafi shi ne ƙarfin wannan motsi, kuma ratsawarsa ita ce masu saurin motsi su tunkuɗi maƙwabtansu. Bayanin Einstein na 1905 da gwaje-gwajen Jean Perrin na 1908 ne suka rufe bakin masu shakkar wanzuwar ƙwayoyin. Lissafin Fourier bai bukaci gyara ba.

Wannan fahimta ce ke bayyana sirrin randa. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, ƙwayoyin da suka fi saurin motsi su tsere cikin iska da zafinsu, a bar masu sanyi. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu a ƙauyukan da babu lantarki, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

A 1824 Fourier ya juya ga duniya baki ɗaya. Ya lissafa cewa idan aka yi la'akari da nisanta daga rana, ya kamata ta fi haka sanyi, ya kuma kawo shawarar cewa iskar da ke kewaye da ita na barin hasken rana ya shigo amma tana tsare wani ɓangare na zafin da ƙasa ke mayarwa. Bai san waɗanne sinadarai ne ke yin haka ba, sai John Tyndall ya auna su a 1859. Masana na yau sun ƙiyasta cewa ba don wannan tsarewa ba da matsakaicin zafin duniya ya kasance digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon kimanin 15. Daga nan binciken ɗumamar yanayi ya samo tushe.

Dabarar igiyoyin da Lagrange ya ƙi kuwa ta wuce batun zafi. Da ita ake tace murya a wayar salula, da ita ake matse hoto da sauti a kwamfuta, da ita kuma na'urorin asibiti ke haɗa hoton cikin jikin majiyyaci.

Fourier bai taɓa aure ba. A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da sanyin ƙashi da sarƙewar numfashi, kuma waɗanda suka san shi sun ba da labarin yadda yake dumama ɗakinsa fiye da kima, yana lulluɓe da tufafi masu nauyi ko da a lokacin zafi. A farkon watan Mayun 1830 ya faɗi a kan matakala, bai kuma cika makonni biyu ba bayan haka.

An binne shi a maƙabartar Père Lachaise ta Paris, a kabarin da aka yi wa ado irin na tsohuwar Masar. Shekaru biyu bayan nan aka binne Champollion kusa da shi.