Alexander Fleming: Likitan da ya gano fenisilin, ya kuma hango ranar gazawarsa

An haifi Alexander Fleming ranar 6 ga Agusta, 1881, a wata gona kusa da garin Darvel na Sikotland. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu yaron yana shekara 7. Da ya tasa sai ya koma Landan, ya yi shekara 4 yana akawu a wani kamfanin jiragen ruwa, kafin ɗan gadon da ya samu ya ba shi damar shiga makarantar likitanci ta Asibitin St Mary's, inda ya kammala a 1906.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki a asibitin soja da ke Boulogne a Faransa. A can ya ga yadda ruɓewar rauni ke hallaka sojoji, ya kuma nuna cewa magungunan wanke miki na zamanin sun fi illata ƙwayoyin jini masu kare jiki fiye da cutar da ta yi zurfi cikin nama.

A watan Satumba na 1928 ya dawo daga hutu ya tarar fumfuna ta kama wani faranti da yake renon bakteriyar Staphylococcus a ciki, kuma ƙwayoyin da ke kewaye da fumfunar sun mutu. Ya raɗa wa sinadarin suna fenisilin, ya wallafa bincikensa a 1929, amma tace shi ya gagare shi. Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oxford ne suka jagoranci mayar da shi magani, aka gwada a jikin majinyaci a 1941. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945.

A laccarsa ta karɓar kyautar, Fleming ya yi kashedi cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi fenisilin a kanti, kuma wanda ya sha ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Tun yana raye hakan ta fara tabbata a asibitocin Ingila. Ya rasu sakamakon bugun zuciya ranar 11 ga Maris, 1955, aka binne shi a Majami'ar St Paul. A 1961 aka gano nau'in Staphylococcus da ya bijire har wa sabon maganin methicillin.

Masu amosanin jini, wato sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, suna cikin waɗanda kashedin ya fi shafa. Saifarsu kan lalace tun ƙuruciya, kuma toshewar ƙananan jijiyoyin jini kan kashe wani sashe na ƙashi, ya zama maɓoyar cuta. Salmonella da Staphylococcus ne suka fi kama ƙashin nasu. Ciwon yana kama da tashin sikila da aka saba, jinyarsa kuwa takan ci mako 4 zuwa 6. Idan maganin farko ya gaza, ƙashin kan tara mugunya har ya kai ga tiyata, kuɗin jinya ya ninka.

Har yau fenisilin ake ba ƙananan yara masu sikila kullum domin kariya daga wasu cututtukan bakteriya masu kisa. Shi ya sa likitoci ke neman a yi gwajin jini ko na mugunya kafin a zaɓi magani, a kuma sha shi har ƙarshen kwanakin da aka rubuta, ko da zafin ya lafa.