Louis Pasteur, ɗan majemin da ya gano cewa magani ma yana da dama da hagu

 A filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau mun ɗauko wani Bafaranshe, Louis Pasteur. Duk wanda ya zauna a bencin lakwal ya san sunansa a kan allurar cizon mahaukacin kare. Amma ba daga kare ya fara ba. Yana saurayi ɗan shekara 25 ya gano wani abu a cikin wani sinadari mai tsami, kuma wannan sinadarin babu gidan da ba ya nan a garinmu, domin shi ne ke ba tsamiya tsaminta. Wanda ya sha kunun tsamiya da azumi, to ya sha abin da Pasteur ya yi suna a kansa.

An haife shi ranar 27 ga Disamba 1822 a garin Dole, a gabashin Faransa, ya tashi a Arbois. Mahaifinsa tsohon sojan Napoleon ne da ya aje bindiga ya koma jima. Ke nan yaron cikin warin fata ya girma, kuma mu da muka san majema ba sai an yi mana bayanin wannan warin ba. A lakwal bai yi fice ba. Abin da aka san shi da shi zane ne, har hotunan iyayensa da ya zana suna nan ajiye. Karo na farko da aka kai shi karatu Paris, kewar gida ta kama shi, sai da uban ya je ya ɗauko shi bayan ƴan makonni. A jarrabawar bak ma makin da ya samu a ilimin sinadarai bai taka kara ya karya ba. Sai dai akwai naci. A 1842 ya ci jarrabawar shiga babbar makarantar malamai ta Paris, amma da ya ga sunansa can ƙasan jeri sai ya ƙi shiga, ya sake shekara guda yana karatu, ya dawo a 1843 ya zo na huɗu.

To, ga abin da ya tarar yana damun manyan malamai. A cikin gangunan da Turawa ke ajiye giyar inabi, wani ɓawo kan kama jikin katako, daga shi ake fitar da sinadarin da suke kira asid tartarik. Idan aka narka shi a ruwa aka haska masa wani haske da aka tace ta gilashi na musamman, sai ya murɗa hasken zuwa dama. Ana nan sai aka samu wani irinsa daga wata masana'anta a yankin Alsace. An auna, an ƙona, an gwada, komai nasu ɗaya, amma shi wannan na biyun ba ya murɗa haske ko kaɗan. A 1844 wani babban masani Bajamushe, Mitscherlich, ya ce hatta siffar tsabar gishirinsu iri ɗaya ce.

Pasteur bai gamsu ba. A 1848 ya haɗa gishirin wannan na biyun, ya bar ruwan ya ƙafe a hankali, ya sa madubi mai ƙara girma yana duba tsabar ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ga kowace tsaba tana da wata ƴar fuska a gefe, kamar an shafce ta da wuƙa. Wasu fuskar na dama, wasu na hagu. Ya ɗauki ɗan hantsaki irin na cire ƙaya ya zauna tsinta, kamar mace na tsince tsakuwa a wake, na dama gefe guda, na hagu gefe guda. Da ya narka kowane tuli daban, na dama ya murɗa haske dama, na hagu ya murɗa shi hagu, daidai wa daida. Ashe abin da ake gani kamar ba ya motsi, biyu ne a haɗe, kowa na ja ta nasa gefen.

Ku ɗaga tafin hannuwanku ku duba. Yatsu biyar nan, biyar nan, babu abin da ɗaya ya fi ɗaya, amma ba za ka ɗora na dama a bayan na hagu su dace ba. Takalmin ƙafar dama ba ya shiga ta hagu. Haka waɗannan ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda ƴan lakwal ke kira molekil, wasunsu tagwaye ne, ɗaya na dama ɗaya bahago.

Dattijon da ya fi kowa sanin wannan fanni a lokacin, Jean-Baptiste Biot, mai shekara 74, bai yarda da labari ba. Ya kira yaron, ya kawo nasa sinadarin, ya sa aka haɗa a gabansa, ya ajiye ruwan a inda ba mai taɓawa. Da tsaba ta fito ya sa Pasteur ya tsince, shi kuma ya narka na hagun da hannunsa ya duba. Haske ya juya hagu. Daga ranar ya zama uban gidansa. A watan Mayu na wannan shekarar da aka kai sakamakon gaban majalisar masana, a cikinsa mahaifiyar Pasteur ta rasu.

Akwai rabo a cikin lamarin. Daga baya aka gano cewa wannan gishirin ba ya rabuwa gida biyu sai in zafi bai kai kimanin digiri 27 ba. Da a ce a Matamaye ya yi gwajin nan cikin bazara, da babu abin da zai tsinta. Sai dai ya jira hunturu.

Ya koma koyarwa a Strasbourg, ya auri Marie Laurent a 1849, wadda ta zama mai rubuta masa aiki har ƙarshen rayuwarsa. A nan ya gano hanya ta biyu a 1853. Ya ɗauko wani sinadari daga ɓawon itacen da ake yin kinin da shi, kinin ɗin nan dai na zazzaɓin cizon sauro. Shi ma wannan mai hannu ɗaya ne, don haka yadda yake kama na dama daban, yadda yake kama bahago daban, sai ɗaya ya riga ɗaya daskarewa a raba su. Hanya ta uku ta fi ba shi mamaki. Tsakanin 1857 da 1860 ya ga cewa idan ƙwayoyin halitta, har da wata irin hunhuna, suka samu cakuɗen nan, na dama kawai suke cinyewa su bar bahagon.

Nan ne maganar ta shafi lafiyarmu. Jikin mai rai kamar mutum ne da ke miƙo hannun dama a gaisa. Ka ba shi dama, hannu ya zauna cikin hannu. Ka miƙa hagu, ba za ta zauna ba. Magani yana aiki ne in ya dace da gurbin da ya tarar a jiki, saboda haka tagwaye biyu na magani guda suna iya zama ɗaya mai warkarwa, ɗaya ɗan rakiya, wani lokaci ma mai cutarwa. Masu kiwo sun san levamisole, maganin tsutsar ciki na tumaki da shanu. Farkonsa cakuɗe ne mai suna tetramisole, sai aka gano bahagon ne ke kashe tsutsa, aka ware shi. Wannan levo da ke farkon sunan, hagu yake nufi da Latin. Haka levofloxacine da ake rubutawa a asibiti. Duniya ta ƙara farkawa bayan masifar thalidomide, wanda aka sayar wa mata masu ciki daga 1957 zuwa 1961, aka haifi jarirai kusan dubu goma da naƙasassun hannuwa da ƙafafu. An fi ɗora laifin a kan ɗaya daga tagwayen, ko da yake an gano cewa a cikin jiki kowane yana rikiɗa ya koma ɗan'uwansa, ware su ba zai hana ba. Duk da haka, tun 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta ce duk mai kawo sabon magani irin wannan sai ya yi bayanin kowane ɗaya daga cikin biyun.

Abu guda ya gagari Pasteur. Raba tagwaye ya iya, amma ya ƙera ɗaya shi kaɗai tun daga farko, wannan ya ƙi. Duk abin da aka haɗa a kwalba, rabi dama rabi hagu yake fitowa, alhali itacen inabi da na tsamiya na dama zalla suke yi. Har manyan mayen ƙarfe ya sa aka ƙera masa ko za su karkata sinadari gefe guda, bai samu komai ba. Ya tsaya a kan cewa wannan aikin na mai rai ne, kuma wannan tunanin ne ya ja shi zuwa ga ƙwayoyin cuta.

Sauran tarihin an fi saninsa. A Lille ya fara nuna cewa ƙananan halittu ne ke sa abu ya yi tsami, daga baya ya nuna su ne ke sa shi ya ruɓe, ya kuma fito da dabarar ɗumama abin sha don kashe su, wadda har yau ake yi wa madarar kanti. Ya yi shekaru yana fama da cutar tsutsar siliki. A tsakanin nan ya binne ƴaƴa mata uku cikin ƴaƴansa biyar, biyu daga zazzaɓin taifod. A watan Oktoba 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yana da shekara 45, kuma duk ayyukan riga-kafin da aka san shi da su da jan ƙafa ya yi su. A 1881 a Pouilly-le-Fort ya yi gwajin riga-kafin ciwon saifa a bainar jama'a da tumaki kusan 50: waɗanda ba a yi wa allura ba suka mutu, waɗanda aka yi wa suka tsaya. Ranar 6 ga Yuli 1885 aka fara yi wa Joseph Meister, ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya yayyaga, allura, kuma ya rayu. Da yake Pasteur ba likita ba ne, wani likita ne ya riƙe sirinjin.

Ba za mu wanke shi tas ba. Mutum ne mai son girma, mai zafin gardama, kuma ya hana a nuna littattafan aikinsa. Da aka buɗe su bayan shekaru, masanin tarihi Gerald Geison ya nuna a 1995 cewa allurar da aka yi wa tumakin nan an haɗa ta ne da dabarar mataimakansa, mai kama da ta wani likitan dabbobi, Toussaint, ba da wadda ya bari jama'a suka ɗauka ba. Allurar ta yi aiki, amma an danne haƙƙin wasu.

An buɗe cibiyar da ke ɗauke da sunansa a Paris a 1888. Ya mutu ranar 28 ga Satumba 1895, shekara huɗu kafin sojojin Faransa su shiga Zinder, shi ya sa ake tunawa da cutar haukan kare a wannan ranar kowace shekara. Cibiyar Pasteur ta Dakar tana yin allurar riga-kafin shawara, kuma cibiyar CERMES ta Yamai tana cikin wannan zumunci.

Abin da ya gagare shi kuwa, na baya sun yi, kuma da kayan da ya taɓa da hannunsa. Dabarar ita ce a sa dillali. A kasuwar dabbobi dillali ne ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi bai tafi da rago ba, ya juya ya kama wani cinikin. Akwai sinadaran da ke yin haka, ana ce musu katalizar, su ko la'ada ba sa karɓa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya ƙulla ciniki dubbai. In dillalin mai hannu ɗaya ne, sai ya riƙa juya kayan ta gefe guda, abin da ke fitowa ya zama kusan duk dama ko kusan duk hagu. A 1912 Bredig da Fiske suka gwada haka da kinin, bambancin da suka samu kaɗan ne, amma ƙofa ta buɗe. William Knowles a Amurka ya kai dabarar masana'anta, aka yi L-DOPA, maganin cutar karkarwa ta Parkinson. A 1980 Barry Sharpless da Tsutomu Katsuki suka haɗa ƙarfen titaniyom da asid tartarik ɗin nan na Pasteur: in ka sa na dama ka samu tagwai ɗaya, in ka sa bahago ka samu ɗayan, zaɓi na hannunka. Knowles, Sharpless da Ryoji Noyori na Japan sun karɓi kyautar Nobel a 2001, sai Benjamin List da David MacMillan a 2021 kan dillalan da babu ƙarfe a cikinsu.

Wani wurin da masana suka maida hankali shi ne dillalai biyu a ciniki guda. Kun san in ciniki ya yi tauri, ɗaya kan ja mai raƙumi gefe yana lallashi, ɗayan yana riƙe da mai kuɗi, har su haɗa hannayensu. Haka ake sa katalizar biyu a kwalba ɗaya, ko guda mai wurin kamu biyu, wannan ya riƙe sinadari na farko ya tausasa shi, wancan ya riƙe na biyu ya fuskantar da shi ta inda ake so. Haɗin da kowannensu shi kaɗai ba zai iya ba sai ya yiwu, sau da yawa ba tare da zafi mai yawa ba, kuma ba a zubar da rabin kaya. Wahalar ita ce a samu biyun da ba za su kama juna su bar ciniki ba. Haka sinadaran da ke narka tuwo a cikinmu suke aiki tun asali, da wurin kamu fiye da ɗaya. Da masana a Holan suka duba yadda dangin kinin ke yin nasu dillancin, a 1981, suka tarar su ma da hannu biyu suke kamawa, ɗaya a kan kowane sinadari.