Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ganyen filasko

Wata gwaggota ce a Gwaram ta sa na koma nazarin rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikinta ne ya cushe kwana biyu, sai ta sha jiƙon filasko bayan sallar Isha'i. Ta jira kamar awa guda ba ta ji komai ba, ta yanke hukuncin cewa maganin bai karɓe ta ba, ta ƙara wani kofi, ta kwanta. Kafin asuba zawo ya galabaitar da ita har ba ta iya tsayawa da ƙafarta, sai da muka ɗauke ta zuwa asibiti a Birnin Kudu aka yi mata ƙarin ruwa. Ina zaune a bakin gadonta na tuna cewa shekaru kusan 200 da suka wuce an yi wani sarki a ƙasar nan wanda ya ga wannan ganye ya cancanci a keɓe masa littafi sukutum.

An haifi Muhammadu Bello a 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da baffansa Abdullahi, ya yi hijira tare da jama'a zuwa Gudu a 1804, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Shekara guda bayan haka ya kafa birnin Sakkwato. A 1812 ya rubuta Infaƙul Maisuri, kuma a lokacin ne Shehu ya damƙa masa kula da ƙasashen gabas, ciki har da Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta a wancan zamani. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a. Duk wannan ɗan firamare ma ya sani, don haka ba zan tsaya a kai ba.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibanmu ba shi ne, cikin shekaru 20 da ya yi yana mulki, tsakanin yaƙi da shari'a da gina ribaɗi, mutumin nan ya samu sukunin rubutu a kan ilimin magani. Yana da littafi a kan ciwon ido, yana da wani a kan basir, da wasu da ya tattara magunguna daga hadisai da kuma littattafan likitocin Larabawa na da. Yana kuma da ɗan littafi a kan ganyen da Larabawa ke kira sana, wanda filaskonmu ɗan'uwansa ne na jini. A ganina wannan ɗan littafi ya fi nuna halin Bello. Sarki ne da yake ganin ciwon cikin talaka mas'ala ce ta ilimi, wadda ta isa a zauna a rubuta, a kwafa, a aika garuruwa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kada ƙauna ta sa mu jingina masa abin da zamaninsa bai kai ba. Likitancin da Bello ya gada, wanda ya biyo ta hannun Jalinusu da Ibn Sina, yana auna cuta da magani ne da ma'aunin zafi da sanyi, danshi da bushewa. Kimiyyar yau ta ajiye wannan ma'auni. Amma tambayoyin da waɗancan likitoci ke yi suna nan daram: nawa za a sha, yaushe, wa zai sha, wa kuma ba zai sha ba? Sai a 1941, shekara 104 bayan rasuwar Bello, Arthur Stoll da abokan aikinsa a Suwizalan suka ware sinadaran da ke aiki a ganyen sana, waɗanda ake kira senosaid.

To, mai karatu, ga tafiyar da sinadarin nan ke yi a ciki. Yawancin magungunan da muke haɗiya, kamar farasitamol, suna ratsa bangon ƙaramin hanji su shiga jini, su bi ta hanta, sannan su bazu a jiki. Shi ya sa cikin rabin awa zuwa awa guda ciwon kai ya fara lafawa. Senosaid ba haka yake ba. Yana ɗauke da wani ɓangare na sukari da ke hana shi ratsa bangon hanji, don haka yana wuce tumbi da ƙaramin hanji ba tare da ya yi komai ba. Sai ya isa babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a can suke gutsure sukarin, su mayar da shi wani sinadari dabam. Wannan sabon sinadari ne yake zaburar da hanji ya yi ta motsi, ya kuma sa ruwa ya taru a cikinsa. Tafiyar tana cin awa 6 zuwa 12. Wato lokacin da gwaggo ta ƙara kofi na biyu, na farko yana kan hanya bai iso masauki ba, suka kuwa iso kusan tare. Ɗan abin da ya shiga jini daga baya hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda ta fitar da shi, har fitsari ya kan sauya launi ya yi ja-ja, wasu su firgita su zaci jini ne. Wanda kuma ya mayar da wankin ciki al'adarsa yana zubar da gishirin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara a kansa.

Ni ba likita ba ne, harshe na karanta, kuma abin da ke ba ni sha'awa shi ne Hausa ta riga ta tanadi kalmomin wannan ilimi. Muna cewa magani ya bi jiki, ya kama, ya karɓi mutum, ya sake shi. Muna bambanta sha da haɗiya da shafawa da shaƙa da turare, kuma kowace hanya ce dabam ta shiga jiki, da saurinta dabam. Abin da babu a bakinmu shi ne tazarar da ke tsakanin haɗiya da kamawa, da wadda ke tsakanin kamawa da saki. A wannan giɓi ne mai ciwon kai ke ƙara farasitamol a kan farasitamol, alhali giram 4 ne iyakar babban mutum a yini, abin da ya haura haka kuma hanta ce ke ɗaukar nauyinsa.

Bello kansa ya san ilimin da ke hannunsa bai cika ba, kuma bai ji nauyin neman ƙari ba. A 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, bayan abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya mutu a hanya kusa da Katagum. Cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Clapperton ya dawo a 1826 da kyautar littattafan Larabci, amma likitocin da aka haɗo shi da su ba su kai Sakkwato ba. Shi ma rashin lafiya ta kwantar da shi, ya mutu a can a watan Afrilu na 1827.

A shekarunsa na ƙarshe Bello ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina a arewa maso gabashin Sakkwato. Ya fita yaƙin Gawakuke a 1836 ya yi nasara, sannan ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, yana da kusan shekara 56, kuma a can kabarinsa yake, Allah Ya jiƙansa. Rubuce-rubucensa na magani suna nan da Larabci a ma'ajiyun tsofaffin takardu na Sakkwato da Kaduna, masana tarihi irin su Isma'il Abdalla da Mukhtar Umar Bunza sun yi nazarinsu da Turanci. Gwaggo kuwa, wadda Hausa kaɗai take ji, ta koma Gwaram bayan kwana biyu. Har yanzu tana shan filaskonta, amma kofi ɗaya, da dare, ta jira safiya.