Nicolas Sursock: Attajirin da ya yi waƙafi da gidansa

An haifi Nicolas Ibrahim Sursock a shekarar 1875, lokacin da birnin Bairut ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Danginsa Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Otodoks, kuma sun yi fice wajen kasuwanci da mallakar filaye. Har yanzu ana tuna sunan gidansu a tarihin Falasɗinu, saboda gonakin Marj Ibn Amir da suka sayar wa ƙungiyoyin Yahudawa a shekarun 1920, abin da ya raba manoma Larabawa da dama da ƙauyukansu.

Shi kuwa Nicolas, hankalinsa ya karkata ne ga tara zane-zane da kayan fasaha. A 1912 ya gina wani katafaren gida a unguwar Ashrafiyya, inda aka haɗa salon ginin Turkawa da na birnin Benis na Italiya.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne wasiyyarsa. Kafin ya rasu a 1952, ya rubuta cewa gidan da abin da ke cikinsa sun zama waƙafi ga birnin Bairut, a mayar da shi gidan adana kayan fasaha, kuma shugaban hukumar birnin ne zai kula da amanar. Wannan tsari da aka fi sani wajen gina masallatai da makarantu, shi attajirin ya zaɓa domin kada dukiyar ta watse a bayansa.

Sai dai ba a cika wasiyyar nan take ba. Gwamnatin shugaba Camille Chamoun ta mayar da gidan masaukin manyan baƙi, inda sarakuna da shugabannin ƙasashe suka riƙa sauka. Sai a 1961, shekaru tara bayan rasuwarsa, aka buɗe ƙofofinsa ga jama'a da wani baje kolin ayyukan masu zane na zamani, wanda ya zama dandalin da masu zane da yawa na Labanan suka fara nuna kansu.

Gidan ya tsira daga yaƙin basasar da aka gwabza daga 1975 zuwa 1990. An rufe shi a 2008 domin faɗaɗa shi, aka sake buɗewa a 2015.

Ranar 4 ga watan Agustan 2020, fashewar da ta auku a tashar jiragen ruwan Bairut, wadda ta hallaka mutane fiye da 200, ta tarwatsa tagoginsa masu gilashi kala-kala, ta kuma lalata zane-zane da dama.

Cikinsu har da hoton Nicolas kansa, wanda mai zane Kees van Dongen ya zana. Hoton ya yage, aka kai shi birnin Paris aka gyara. An sake buɗe gidan a watan Mayun 2023.