Konstantin Stanislavski

Konstantin Sergeyevich Alekseyev, wanda aka fi sani da Stanislavski (17 ga Janairu, 1863 – 7 ga Agusta, 1938), ɗan wasan kwaikwayo ne, darakta kuma malami ɗan ƙasar Rasha. An fi tunawa da shi saboda tsarin horar da 'yan wasa da ya shimfiɗa, wanda har yau ake karantarwa a makarantun wasan kwaikwayo da na fim a ƙasashe da dama.

Farkon rayuwa

An haife shi a Mosko, a gidan attajirai masu masana'antar zaren zinariya da azurfa da ake yi wa kayan sojoji ado da shi. Kakarsa ta wajen uwa, Marie Varley, 'yar wasa ce daga Faransa. A 1877 mahaifinsa ya keɓe wa 'ya'yansa ɗakin wasa a gidan gonarsu da ke Lyubimovka, kuma a nan yaron ya fara hawa dandamali yana da shekara 14. A wancan zamani abin kunya ne ɗan babban gida ya ɗauki wasan kwaikwayo sana'a, shi ya sa ya ari sunan Stanislavski don ya ɓoye wa iyayensa wasannin da yake yi a waje.

A 1885 ya shiga makarantar wasan kwaikwayo ta Mosko, amma ko wata guda bai cika ba ya bar ta. Abin da ya tarar shi ne malami ya tashi ya nuna yadda ake kuka ko fushi, ɗalibai su kwaikwaye shi. Sai ya koma yana kallon manyan 'yan wasan gidan Maly, yana rubuta kurakuransa a littafi bayan kowane wasa, al'adar da ya riƙe har tsufansa. A 1888 ya kafa Ƙungiyar Fasaha da Adabi da kuɗin aljihunsa, a shekarar da ta biyo baya kuma ya auri 'yar wasa Maria Lilina.

Gidan Wasan Fasaha na Mosko

A watan Yuni na 1897 ya gana da marubuci kuma malamin wasa Vladimir Nemirovich-Danchenko. Sun shafe awa 18 suna tattauna yadda za su kafa sabon gidan wasa, inda za a daɗe ana atisaye kafin a fito, kuma ba za a bar wani tauraro ya danne sauran 'yan wasa ba. Gidan ya buɗe a watan Oktoba na 1898. A Disambar shekarar suka nuna Chaika na Anton Chekhov, wasan da ya sha kaye a birnin Sant Fitasbag shekara biyu kafin nan, sai ga shi ya karɓu sosai, har tsuntsun tekun da wasan ke ɗauke da sunansa ya zama tambarin gidan. Sauran manyan wasannin Chekhov sun biyo baya har zuwa 1904.

Tsarin horarwa

Duk da wannan nasara, a 1906 Stanislavski ya shiga damuwa. Yana hutu a Finlan ya lura cewa rawar da ya daɗe yana takawa ta mutu a hannunsa: jiki na maimaita motsin da ya saba, zuciya kuma ba ta wurin. Tambayar da ta dame shi ita ce yadda ɗan wasa zai sa abu ya fito da rai a dare na ɗari kamar yadda ya fito a daren farko, ba tare da jiran ranar sa'a ba. Sauran rayuwarsa ta tafi ne a kan neman amsar da za a iya koyarwa a aji.

A tsarinsa, ɗalibi yakan fara da sanin halin da marubuci ya sa mutumin cikin wasan: wane ne shi, ina yake, me ya faru kafin ya shigo. Daga nan ya tambayi kansa abin da zai yi da a ce shi ne a wannan hali. Ana yanka wasan gunduwa-gunduwa, a kowace gunduwa a gano abin da mutumin yake so ya samu. Don haka ba a ce wa ɗalibi ya nuna baƙin ciki. Ana ce masa ya yi ƙoƙarin hana matarsa fita daga ɗakin, baƙin cikin zai zo da kansa. Akwai darussan sassauta jijiyoyi, domin jikin da ya ƙage ba ya iya isar da komai, da na tattara hankali a kan abin da ke kan dandamali maimakon duhun da 'yan kallo ke zaune. Ya kuma ɗauko batun tuna yanayin zuciya daga masanin halayyar ɗan Adam Théodule Ribot na Faransa, wato ɗan wasa ya tono wani abu da ya taɓa ji a rayuwarsa ya yi aiki da shi.

Tsofaffin 'yan wasan gidan ba su yi na'am da wannan ba, wasunsu na ganin ya mayar da atisaye ɗakin gwaje-gwaje. Saboda haka a 1912 ya buɗe Situdiyo ta Farko domin matasa, ƙarƙashin kulawar Leopold Sulerzhitsky. Daga cikinta Yevgeny Vakhtangov da Michael Chekhov da Richard Boleslavsky suka fito. A ƙarshen rayuwarsa ya rage dogaro da tonon zuciya, ya koma fara aiki daga jiki, ɗalibi ya tashi ya aikata abin da mutumin ke aikatawa tun kafin ya haddace kalmomin.

Yaɗuwa zuwa Amurka

Bayan juyin juya halin 1917 gwamnati ta ƙwace masana'antar gidansu. A 1923 da 1924 gidan wasan ya zagaya Amurka, kuma Boleslavsky da Maria Ouspenskaya suka buɗe makaranta a New York, inda Lee Strasberg ya yi karatu. Strasberg ya gina koyarwarsa a kan tuna yanayin zuciya. Stella Adler kuwa ta je Faris a 1934 ta yi mako biyar tana karatu wurin Stanislavski kansa, ta dawo da labarin cewa malamin ya fi ba aiki da tunanin kirkira muhimmanci. Saɓanin da ya biyo baya ya raba malaman Amurka shekaru da yawa. Marlon Brando ɗalibin Adler ne.

Yadda littattafansa suka fito ya ƙara dagula lamarin. An Actor Prepares, wanda ya rubuta a matsayin kundin wani ɗalibi mai suna Kostya a ajin malami Tortsov, ya fito da Turanci a 1936, kuma ya fi magana a kan abin da ke cikin zuciya. Kashi na biyu, mai magana a kan murya da jiki, bai fito da Turanci ba sai 1949. Shekara 13 ke nan masu karatu na riƙe da rabin tsarin suna zaton shi ne dukansa.

Shekarun ƙarshe

A watan Oktoba na 1928, yana cikin wasa a bikin cikar gidan shekara 30, ya gamu da bugun zuciya, bai sake hawa dandamali ba. Ya ci gaba da koyarwa a gidansa da ke layin Leontievsky, kuma a 1935 ya buɗe situdiyonsa ta ƙarshe. Gwamnatin Stalin ta ɗaukaka shi, ta ba shi lambar Ɗan Fasahar Jama'a ta Tarayyar Sobiyat a 1936, ta kuma mayar da tsarinsa ma'aunin da ake auna sauran gidajen wasa da shi. Lokacin da aka rufe gidan wasan Vsevolod Meyerhold a farkon 1938, Stanislavski ya ɗauke shi aiki duk da haɗarin da ke cikin yin haka, kuma duk da cewa sun daɗe suna saɓani a kan salon wasa. An kama Meyerhold a 1939, aka harbe shi a 1940.

Stanislavski ya mutu a Mosko ranar 7 ga Agusta, 1938, yana da shekara 75. An binne shi a maƙabartar Novodevichy, kusa da kabarin Chekhov.